Burodin Alhamis da Firjin Bakin Hanya

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Burodi ya tashi lafiya.

Ina cikin fitar da faranti na biyu daga tanderu na ji ihu daga cikin kanti, na ɗauka ɓera ne ya sake leƙo mu. Ashe Raelene ce, mai sayar mana da burodi, ta rungume tsintsiya tana rawa da ita. Rediyo ya faɗi cewa daga ɗaya ga Yuli an ƙara mafi ƙarancin albashi.

"Glenys, an yi mana ƙari! Fito mu taka!"

Na ajiye faranti na fito da fulawa har gira. Muka yi ta juyi tsakanin kwanduna, har wani direban tirela da ya shigo sayen fai, gasasshen kwaɓin nan mai nama a ciki, ya ajiye hularsa yana tafa mana. Sai da numfashi ya gagare ni na faɗa kan kujera, sannan na ce, "To 'yar nan, tsaya. Wa zai biya ƙarin?"

Ta nuna ni da bakin tsintsiya. "Ke mana, uwar ɗakina. Da wa kike zato?"

Muka sake tuntsirewa da dariya. Kuma tsakani da Allah na yi mata murna. Mace ce mai 'ya'ya biyu, ga haya a wuya, ga tsohuwar mota mai tari wadda take kira Gimbiya. Tun Ista ita ke loda burodin Alhamis a cikin Gimbiyar ta zagaya gonaki, ba ta taɓa ce mini ta gaji ba. In akwai wanda ya cancanci ƙari a garin nan, ita ce.

Rabona da rawa tun kafin Ista. Gwiwata ta dama tana ta ƙorafi, na ce ta yi haƙuri.

Talata, 4 ga Yuni, bayan la'asar

'Yata Bronwyn ta bugo daga Adelaide. Ita ke riƙe mana lissafi, kuma tana da wata murya mai laushi da take ajiyewa don ranar mugun labari. Ina jin muryar na jawo kujera.

Ba albashi kaɗai ba ne, in ji ta. Kuɗin kilomita ma zai hau, wanda ake biyan ma'aikaci idan da motar kansa ya yi maka aiki. 'Yan santi ne, canjin da bai kai dala ba, a kan kowace kilomita. Na ce 'yan santi ai ba sa kashe kowa.

"Mama, kin san tsawon hanyar Alhamis kuwa?"

Na sani mana. Zobe ce: a fita ta titin arewa, a bi jar ƙasa gona-gona, a faɗo ta tsohon zauren taro na Mararraba da ke nan kudu da gari, a shigo gida. Wuni guda take ci.

"Da can Baba ne ke yi," ta ce. "Ba albashi, ba kuɗin kilomita, mai kawai zai sha, kuma motarmu ce. Shi ya sa ba ku taɓa ganin ramin ba. Yanzu duk Alhamis sai kantin ya yi asara. In aka shiga Yuli a haka, ko ki yanke hanyar, ko ita ta cinye kantin."

Na ce mata burodina na ƙonewa. Babu komai a tanderu.

Motar tamu tana can bayan gareji an lulluɓe ta da tamfol. Ba na bi ta wannan layin, kuma ba zan rubuta komai a kanta ba. Abin da na sani kawai, mijina Merv zai dawo gida daga asibiti, kuma abu na farko da zai nema hanyarsa ce.

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

Raelene ta dawo da jar ƙasa har cikin kunne, da ƙwai, da kabewa biyu, da ƙorafi.

Kowa a hanyar yana da mataccen firji kafe a bakin ƙofar gonarsa, saboda hankaki da dila. A ciki ake sa burodi, a ciki ake tarar da kuɗi a kwalba, wani lokaci har da tukwici. Na Dulcie Pfeiffer an yi masa fenti ruwan hoda. Na tsoho Clarrie Zadow, can ƙarshen duniya, da igiya ake ɗaure ƙofarsa, kuma shi ba ya barin firjin ya yi aikinsa, yana hango ƙurar mota zai fito ya tsaya.

Yau ya tare ta. Wai, "Yarinya, wa ya koya miki gaisuwa a hanya?"

Laifinta, idan ta haɗu da mota sai ta fito da hannu gaba ɗaya tana kaɗawa kamar mai korar ƙuda. Mu yatsa ɗaya muke ɗagawa daga kan sitiyari, mu mayar. Kaɗa hannu na 'yan birni ne da masu neman ƙuri'a.

"Na ce masa, Baba Clarrie, ni fa murna nake yi na ga ɗan Adam, tun safe ba kowa sai tumaki! Ya ce ai Merv ma murna yake yi, amma da yatsa ɗaya yake yin tasa."

Gaskiyarsa. Yatsan Merv sananne ne a gundumar nan. Kowa yana samu, har mai tarakta da ba ya amsawa. Ni kaɗai ce bai taɓa ɗaga wa ba. Shekara da shekaru ina tsaye a ƙofar kanti yana wucewa, in na yi magana ya ce ba a gaida mutumin gida a titi.

Clarrie ya tambayi jikinsa. Kowa sai ya tambaya.

Asabar, 8 ga Yuni, da safe

Laraba! Asibiti sun ce Laraba za su sallami Merv. Na zuba sukari sau biyu a kek, ba wanda ya kawo ƙara.

Laraba, 12 ga Yuni, da yamma

Ya dawo.

Bronwyn ce ta kawo shi. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, amma idon nan na shaƙiyanci yana nan daram. Ya ƙi shiga gida. Da sandarsa ya nuna ƙofar baya ta gidan burodi, muka bi shi a hankali, ya tsaya gaban tanderu ya rufe ido yana shaƙar ƙamshi. Ni kuwa na juya ina goge teburin da na riga na goge.

Mun sa masa kujera a gefen tanderu, inda ɗumi yake. Na ɗora masa hannun dama, wanda ya shanye, a kan cinya, na sa ƙwallon robar da malamar motsa jiki ta bayar a cikin tafin. Ƙwallon ya gangaro. Na mayar. Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Kalma biyu ya dawo mana da su daga birni. Ɗaya "To." Ɗayar ba ta rubutuwa, ita ce wadda yake faɗi idan guduma ta sami yatsansa. Da ita ya tarbi fasto da ya zo duba shi. Fasto ya gyara tabarau ya ce, "Mun gode wa Ubangiji, murya ta dawo." Raelene ta shige bayan buhunan fulawa tana dariya har da hawaye.

Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba. Burodi ya tashi har ya nemi fin ƙarfin gwangwani.

Alhamis, 13 ga Yuni, da hantsi

An sami kalma ta uku.

Muna loda Gimbiya sai ga shi a bakin ƙofa, ya sa hularsa ta hanya da kansa, a karkace.

"Alhamis," ya ce. Tsaf, ba gargada.

Raelene ta saki kwando ta rungume shi. Ni na ce, "E, Alhamis ce, tsohona. Amma ba yau ba. Sai ka ƙara ƙarfi."

"To," ya ce. Ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana. Hular tana kansa har yanzu.

Asabar, 15 ga Yuni, da azahar

Duk safiya yanzu sai ya tambaya, "Alhamis?" Ni kuma in ce ba yau ba.

Ya ba kansa aiki. Duk farantin da na fitar sai ya ɗauki burodi ɗaya da hannun hagu, ya kife shi a cinya, ya ƙwanƙwasa gindinsa ya saurara. In ya gasu ya ce to. In bai gasu ba kowa a kanti sai ya ji. Wata baƙuwa mai wucewa ta tambayi Raelene ko faɗa ake yi a baya, ta ce a'a, sufeto ne ke duba kaya.

Raelene ta riga ta kashe ƙarin albashin sau uku a baki: tayoyi, takalman ƙwallo na yara, da gyaran gashi a Adelaide wurin masu ba mutum kofi yana zaune. Na ce 'yan daloli ne fa, ba gadon kawu ba. Ta ce in bar ta ta ji daɗinsu tun ba su zo sun ba ta kunya ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, bayan coci

Mun zauna da Bronwyn kafin ta koma. Na kawo dabaru iri-iri. A ƙara kuɗin burodi? Ta ce sai ya kai farashin da ko ni ba zan saya ba, ga shi bana ruwa ya yi wa manoma rowa. In tuƙa da kaina? Da wace mota, wa zai tsare tanderu, ga idona ba ya ganin kangaru sai ya zo gaban gilashi. Na ce to a roƙi Raelene ta bar kuɗin kilomita a yadda yake.

Bronwyn ta dube ni kawai. Ni ma na ji kunyar bakina tun kafin in rufe shi. Tayar Gimbiya ba da addu'a ake sayenta ba, kuma haƙƙin yarinya ne, ba alfarma nake yi mata ba.

Mun tsayar da magana: Alhamis ta ƙarshen wata ita ce ta ƙarshe.

"Ki gaya wa Baba," ta ce.

"Zan gaya masa."

Yana can gefen tanderu yana gyangyaɗi, duk da ba a kunna shi ran Lahadi.

Talata, 18 ga Yuni, da safe

Ban gaya masa ba. Burodi ya tashi lafiya.

Laraba, 19 ga Yuni, bayan rufe kanti

Raelene na gaya wa. Ta jingine tsintsiya a bango. Can ta ce, "Ni ba kuɗin Alhamis ke damuna ba. To, suna damuna. Amma Merv fa?" Na ce ta kama bakinta har in shirya. Ta rantse.

Alhamis, 20 ga Yuni, da yamma

Rantsuwar Raelene ba ta wuce firji na uku ba.

Tun daga yadda ta shigo tana gyara kwandunan da ba su karkace ba na san ta yi ɓarna.

"Dulcie ce ta ba ni shayi da kek ɗin nan nata mai kirfa. Glenys, kin san ba a cin kek ɗin Dulcie da magana a ciki."

"Wa kuma ya ji?"

"Dulcie kaɗai." Ta sosa kunne. "Da wayarta."

Shi ke nan, gunduma ta ji. Na yi faɗa sosai, na kira ta rediyo mai jini. Ta ce in cire tarar daga sabon albashi. Fushin ya kuɓuce mini, na jefe ta da tsumma.

Abin da ke cina shi ne mutanen nan suna cin burodinmu tun Bronwyn ba ta yi haƙori ba, daga bakina ya kamata su ji. Yanzu jira nake waya ta yi ƙara, wani ya yi faɗa ko ya yi roƙo.

Asabar, 22 ga Yuni, da yamma

Waya ba ta yi ƙara ba. Da faɗa suka yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 24 ga Yuni, da azahar

Clarrie Zadow ya shigo gari, abin da ba ya yi sai don jana'iza ko ciwon haƙori. Na goge hannu na fito ina shirya bayanin da zan yi masa. Ya ɗaga hula ya ce, "Sannu, Glenys," ya wuce ni kai tsaye bayan kanti. Ya kife bokiti ya zauna gaban Merv, gwiwa da gwiwa.

Sun daɗe. Ina jiyo muryar Clarrie ƙasa-ƙasa, da "To" ɗin Merv jefi-jefi, sau ɗaya kuma ɗaya kalmar, sai dariyarsu su biyu. Dariyar Merv! Ta gefe ɗaya take fita yanzu, amma ita ce. Na so in leƙa, sai masu askin tumaki suka cika kantin, kowa da yunwarsa.

Da zai tafi na tare shi. "Baba Clarrie, game da maganar Alhamis..."

"Mun gama da maigidan," ya ce. Ya sayi fai ɗaya ya fita.

Allah sarki. Tsoho ya zo ya yi sallama da abokinsa ke nan. Wato Merv ya ji, kuma ba daga bakina ba. Na leƙa fuskarsa, na tarar yana murmushi. Wataƙila bai gane ba, kuma hakan ya fi.

Talata, 25 ga Yuni, da safe

Merv ya addabe ni da firjin kicin. Ya buga shi da sanda, ya nuna tagar kudu, ya dube ni. Na ba shi cuku. Ya sake bugawa. Na ba shi madara. Ya faɗi kalmar nan tasa.

Na ce, "Merv Nitschke, in yunwa ce ga abinci, in rigima ce ka jira in gama kwaɓi."

Ya daki goshinsa da hannun hagu yana dariya, sai ka ce ni ce na dawo daga asibiti. Cin abinci dai ya dawo, na gode Allah.

Laraba, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Gobe za mu tafi da shi, ni da Raelene. Ya ga hanyarsa ko sau ɗaya ne. Na manta gishiri a kwaɓin farko, kajin maƙwabta sun sha biki.

Alhamis, 27 ga Yuni, da magariba

Bari in zauna in rubuta wannan da kyau.

Na gama gashi da wuri na rufe kanti. Merv a gaba kusa da Raelene, hula a kai, ni a baya cikin kwanduna. Muna isa mahaɗar bakin gari Raelene ta sa sigina za ta yi arewa yadda aka saba, sai Merv ya hau dukan gaban mota da hannun hagu yana nuna kudu.

"Ya rikice," na raɗa wa Raelene. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Kwantar da hankalinka, tsohona. Ta arewa ake farawa, ka manta?"

Ya juyo ya yi mini wani kallo, ya faɗi kalmar, ya ja hula ya rufe fuska.

A ƙofar farko babu firji. Sai shatin busasshiyar ciyawa da bulo biyu inda yake zaune. Raelene ta ce ɓarayi ne. Na ce wane ɓarawo zai saci firjin da ya mutu tun ina amarya? Ƙofa ta biyu ma babu. Ta Dulcie, mai ruwan hoda, babu, sai sawun taya.

Na ce a raina sun ji labari, sun kwashe kayansu tun kafin a sallame su, ko don kada su ba ni kunya, ko don sun yi fushi. Ko sallama babu. Na zauna a baya da burodi mai ɗumi a cinya, ba wanda zan ba, hawaye na ɗiga a kan takardar naɗi. Waya ba ta kamawa a can. Mun shiga gida biyu, ba kowa sai karnuka. Na ce mu ƙarasa zoben duk da haka, ko mutum ɗaya ya rage. Har ƙofar Clarrie, igiyar kawai muka tarar rataye a jikin shinge.

Merv kuwa ƙarƙashin hula kafaɗunsa sai rawa suke. Na ce kuka yake. Na yi ta shafa bayansa ina ba shi haƙuri, kuma a nan na gaya masa komai, albashi da kilomita da ranar ƙarshe, na ce da tuni ya kamata ya ji daga bakina. Kafaɗun suka ƙara rawa.

Rana ta karkata muka faɗo Mararraba. Raelene ta taka birki har kwanduna suka zubo mini.

Ga su nan. A jere a jikin bangon zauren taro, ƙarƙashin rumfar kwano, kamar 'yan coci a layin gaisawa da fasto. Farare, masu tsatsa, ruwan hodan Dulcie, na Clarrie da sabuwar igiya, kowanne da sunan mai shi. Fili cike da a-kori-kura, an hura wuta a rabin ganga, tukunyar shayi na tafasa, mutanen hanya kaf suna tsaye sun rungume hannu don sanyi.

Clarrie ya taho yana faɗa tun daga nesa. "Ina kuka shiga? Tun hantsi muke nan, Dulcie ta kusa daskarewa!"

"Zobe muka zaga! Wa ya ce ku kwashe firji ba ku gaya wa kowa ba?"

"Kamar yaya ba mu gaya wa kowa ba? Takanas na shigo gari ran Litinin na gaya wa Merv. Na ce tunda kilomita ce ta yi tsada, mu za mu ci kilomitar, ku ku tsaya nan. Ya ce to."

"Merv ka gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Hanyarsa ce."

Haka ya faɗa, ko a jikinsa. Na juya. Merv ya ɗage hula, fuska jage-jage da hawayen dariya. Ya nuna firji da sanda, ya nuna ni, ya daki goshi. Wayyo ni Glenys. Firjin kicin, tagar kudu, dukan gaban mota: mutumin nan tun Talata yake gaya mini, ni ina tura masa cuku da madara. Tun da ya dawo nake lallaɓa shi kamar ƙwai, ina magana a kansa yana zaune, ban tsaya na saurare shi ba. Clarrie da ba ya jin kira sai an yi ihu, shi ne ya zauna ya yi shawara da shi yadda suka saba.

Na durƙusa a bakin ƙofar mota na ce, "Ka yafe mini, tsohona." Ya ɗora hannun hagu a kaina ya ce, "To." Sannan ya ƙara da ɗaya kalmar, a hankali, da taushi. Fili ya ɗauki dariya.

Burodin ya huce, ba wanda ya damu. A tsaye aka ci da man shanu da jam ɗin Dulcie. Aka zaunar da Merv kusa da wuta, maza suka kewaye shi suna ba shi labarin ruwan da ya ƙi zuwa. Raelene kuma tana bin Clarrie tana cewa, "Kun rage mini kilomita, Baba, kun cuce ni!" Ya ce to ta riƙa zuwa da fai ta sayar musu duk Alhamis, tunda in an taru ba wanda zai koma gida da wuri, wunin nata na nan.

Dulcie ta daina tuƙi, Clarrie ne ya ɗauko ta, kuma ya ce shi zai riƙa ɗaukowa. Ta sa jan baki. Na gani.

Juma'a, 28 ga Yuni, da azahar

Bronwyn ta lissafa zuwa Mararraba da dawowa, da sabon albashi da sabon kuɗin kilomita. Da muryarta ta gaske ta yi magana, mai kaifin nan.

"Zai yi, Mama. Da ƙyar, amma zai yi. Kuma zagayen banzan da kuka yi jiya, sai kin biya Raelene shi cif."

Na ce Allah ya taimake ni, da tsohon farashi zan biya. Sannan na ce ta dakata. Na kai wayar gefen tanderu, na sa ta maimaita wa babanta komai daga farko, na tambaye shi ko ya yarda. Ya kalli rufi, ya sosa gemu, ya bar mu muna jira don tsabar mugunta.

"To," ya ce.

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

Sabon albashi ya fara. Raelene ta zo da sabon jan gyale tun ba a biya ta ba. Burodi ya tashi lafiya.

Alhamis, 4 ga Yuli, da hantsi

An yi yayyafi da asuba, ba mai yawa ba, amma ƙasa ta yi ƙamshi.

Mun loda Gimbiya da burodi da fai. Ban ce ba yau ba, shi ma bai tambaya ba, ya sa hula ya shiga gaba. Raelene ta ɗaura masa bel, ta ɗora masa hannun dama a kan gaban mota, don malamar ta ce kada a riƙa barinsa a rataye.

Na tsaya a ƙofar kanti inda na saba tsayawa. Raelene ta juya motar a gaban gidan waya, ta dawo ta gabana za su yi kudu, a hankali saboda santsi. Merv bai dube ni ba, idonsa na kan titi yadda direban kirki yake yi.

Sai ɗan yatsa ya ɗaga. Na hannun dama. Kaɗan, yana rawa, bai fi kaurin yankan burodi ba. Ya ɗan tsaya, ya koma.

Na san ƙa'ida, na san yatsa ɗaya ake mayarwa. Hannu biyu na ɗaga, har da tsumma, ina tsalle a tsakiyar titi kamar 'yar birni, fulawa na tashi, har suka sha kwana.

Faranti na biyu ya ƙone. Ba komai.